Wai da gaske an samo maganin da ke warkar da sikila?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida, ina kwananku, ya sanyi. Don Allah tambaya gare ni ga masu ilimin abin. Ƙanena ya turo min wani bidiyo daren jiya wai Turawa sun samo maganin sikila na warkewa gaba ɗai, ba na rage zahi ba, wai cikin jinin mutum za su shiga su gyara abin da ya gado ga uwayenai. Wallahi ban yi kwana ba saboda tunani, don Khalifa yau kwananmu huɗu da dawowa daga asibiti, tunda hunturun ga ya shigo ƙahwahunai ba su bar shi ya huta ba, da asuba sai na gasa mai da tawul da ruwan ɗumi kahin ya iya takawa. Gaskiya na ko irin labarin Facebook na?

Anti Nas: Wa alaikumus salam Maman Khalifa, sannu, ya mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ba ƙarya ba ne, akwai shi, amma da sauran bayani. Bari Mai Gwaji ya shigo, fanninsa ne.

Mai Gwajin Jini: Ameen Anti. Hajiya gaskiya ne, sunan maganin Casgevy. Ingila ce ta fara amincewa da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba 2023, ranar ma guda biyu suka amince da su, shi da wani mai suna Lyfgenia. Bahrain da Saudiyya su ma sun amince da Casgevy. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 31 da aka bi sawunsu tsawon lokacin da ake buƙata, 29 sun yi shekara guda cur ciwon bai yi musu mummunan tashi ba ko sau ɗaya, kuma duk mutane ne da a da ba sa rabuwa da gadon asibiti. Wadda aka fara yi wa a Amurka wata baiwar Allah ce Victoria Gray, a 2019.

Baban Yusra: Malam faɗi kuɗin kawai kafin ka sa matan nan su fara murna

Mai Gwajin Jini: Zan zo wurin Alhaji, ka yi haƙuri. Dala miliyan 2.2 ne Casgevy, Lyfgenia kuma miliyan 3.1, mutum ɗaya.

Baban Yusra: To kun ji. In ka buga da canjin naira 1,500 ya haura biliyan 3, ban da jirgi ban da masauki ban da zaman asibiti. Ni da nake neman leda ɗaya ta jini ƙarfe biyun dare ina buga wa 'yan uwa waya ɗaya bayan ɗaya, me wannan labarin zai ƙara min in ba ɓacin rai ba. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya masu sikila ita ce tamu, kusan jarirai 150,000 duk shekara, amma maganin an yi shi inda ba za mu taɓa kaiwa ba. Wallahi ni gara ban ji ba.

'Yar Runjin Sambo: Baba da girmanka, amma ni ban yarda da gara ban ji ba. Ni ce mai ciwon, shekarata 24, tun ina firamare nake jin mata na cewa a gabana irin waɗannan ba sa daɗewa, kamar ba ni da kunne. Ranar da na karanta labarin matar can da ta warke kuka na yi a ɗakin kwanan makaranta, ba don ina tunanin zan samu ba, don dai na san yanzu abin nan yana da makama, mutum ya kama shi ya juya shi. Wannan kaɗai wani abu ne gare mu.

Maman Khalifa: Allah ya ba ki lahiya ɗiyata. Mai Gwaji don Allah yi muna bayanin yadda abin yake, ni ko ba mu samu ba ina son in gane mi ke cin yaron nan, shekara tara ina jinya amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya hwaɗa min.

Mai Gwajin Jini: To Hajiya bari in gwada. A cikin jan jini akwai wani sinadari himogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ko'ina a jiki. Umarnin yadda jiki zai ƙera shi a rubuce yake cikin ƙwayar gado, rubutu mai harafi wajen biliyan 3, to a mai sikila harafi ɗaya tal ne ya canza. Kin san a allo ɗigo ne ke raba ba da ta, to kamar haka. Wannan canjin ya sa duk lokacin da himogulobin ya sauke iskarsa sai ya riƙa mannewa da 'yan uwansa suna yin dogayen tsinke masu tauri a cikin ƙwayar jinin, ita kuma da take zagayayya mai laushi tana lanƙwasa ta wuce ta kowace ƙaramar jijiya, sai ta ƙage ta koma kamar lauje. Ki ɗauka a-kori-kura ta gitta a lungun tsohon gari, na baya ba wucewa, na gaba ba abin da zai iso musu. Naman da ke gaba ya rasa iska, shi ne wannan azabar da yake ji cikin ƙashi. Kuma ba toshewa kaɗai ba ce, bincike na baya-bayan nan ya nuna jinin yana da danƙo, yana liƙewa a bangon jijiya tare da fararen ƙwayoyin jini, bangon kansa kullum a kumbure yake. Sannan ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake kuma idonsa ke yin rawaya. Sanyi yana tsuke jijiyoyi, ƙishirwa tana sa jinin ya yi kauri, shi ya sa hunturu da zafin Afrilu na Sakkwato duka biyun ba su yi masa daɗi.

Mai Gwajin Jini: Yanzu in tambaye ki, Khalifa yana wata nawa ciwon ya fara nunawa?

Maman Khalifa: Wata bakwai. Ba ni mancewa, yaro ɓul-ɓul da shi kowa na son ɗauka, kwatsam wata sahiya na ga bayan hannuwanai da ƙahwahu sun kumbura sun yi sheƙi, ko zanen goyo ya taɓa wurin sai ihu. Kakarshi ta ce baki na, munka yi ta hayaƙi da rubutu har sati biyu kahin munka tai asibiti.

Mai Gwajin Jini: Yauwa, nan sirrin maganin yake. Me ya sa wata shidan farko lafiya lau? Saboda jariri da wani himogulobin daban ake haifarsa, wanda ya yi amfani da shi a ciki, kuma shi wannan ba ya yin tsinken nan, hana na sikilar haɗuwa ma yake yi. Wata likitar yara a Amurka Janet Watson ta lura da haka tun 1948. Bayan haihuwa sai jiki ya kashe na jarirai a hankali ya kunna na manya, wajen wata shida ya ja baya, sai ciwo ya bayyana. A 2008 masu bincike a Boston suka gano makunnin da ke kashe shi, ana ce masa BCL11A. Abin da Casgevy ke yi, ba ya ma taɓa harafin da ya lalace, da wani almakashin ƙwayar gado mai suna CRISPR ake yanke wani sashe na makunnin nan a cikin uwayen jini na ɓargo, sai jinin jarirai ya dawo ya ci gaba da fitowa. Matan nan biyu da suka ƙirƙiro almakashin sun samu kyautar Nobel a 2020.

Maman Khalifa: Ikon Allah. Wato maganin na cikin jikinai tun hwarko, rufe shi anka yi

Malam na Gwiwa: Salamu alaikum. Na biyo ku tun sama. Ni abin da ya tsaya min ga rai, wanga yanke-yanke cikin halittar ɗan Adam, ba shi shiga cikin canza halittar Allah da anka yi hani gare shi? Tambaya nike, ba hwatawa ba.

Ɗalibin Likita: Allah ya gafarta Malam, hukunci naku ne malamai, amma ga yadda abin yake don a yi hukunci a kan sani. Gyaran a ƙwayoyin ɓargon mutum ɗaya yake tsayawa, ba ya shiga maniyyi ko ƙwan mace, don haka ba ya bin zuri'a. Wanda aka yi wa ma in ya haihu zai ba ɗansa ƙwayar gadon sikila, S ɗin nan, kamar yadda zai bayar da can. Ƙwayoyinsa ne aka ciro aka mayar masa, ba na wani ba, kuma jinin da ke dawowa nasa ne da Allah ya halitta masa tun yana ciki.

Malam na Gwiwa: To in hakanan na, ni ga fahimtata ya hi kusa da magani, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Zan dai kai maganar ga na gaba da ni. Allah shi yi maka albarka yaro.

Anti Nas: Ni kuma bari in faɗi ɓangaren da bidiyo ba ya nunawa, kar a ɗauka allura ce a yi maka ka tafi gida. Sai an yi watanni ana yi wa mutum ƙarin jini, a ba shi maganin da zai koro uwayen jinin daga ɓargo, a ɗaura shi a inji a tace su, wani sai an maimaita, a aika da su can a gyara wanda shi ma watanni ne. Sannan abu mafi wuya, sai an ba shi kimo mai ƙarfi irin na masu kansa don a share tsohon ɓargon, gashi ya zube, baki ya yi gyambo ko ruwa da ƙyar, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa warwas, ya yi sati huɗu zuwa shida a killace. Kuma kimon nan yana iya hana haihuwa, mace ko namiji. Shi Lyfgenia har gargaɗin kansar jini aka rubuta a kansa. Kuma lokacin da aka amince da su daga shekara 12 zuwa sama aka ce.

'Yar Runjin Sambo: Anti maganar haihuwar nan ta taɓa ni. Na zauna ina tambayar kaina in yau aka ce ga shi kyauta amma ba za ki haihu ba, wallahi da rana zan ce a'a, amma in kika tambaye ni ƙarfe ukun dare lokacin da bayana ke kamar ana sara da gatari zan sa hannu ban karanta ba. Akwai daren da aka kai ni wani asibiti ina birgima, wani ma'aikaci ya dube ni ya ce ke dai allurar kike so kin saba da ita, ya bar ni kan benci fiye da awa biyu. Mamana tana tsaye tana roƙonsa tana kuka. Wannan ya fi min ciwon zafi har yau.

Anti Nas: Subhanallah. Ki yi haƙuri ƙanwata, a madadin masu farin kaya ina ba ki haƙuri, ba haka aka koya mana ba. Can waje kafin kimon ana cire ƙwan mace a adana, amma shi ma wani kuɗin ne.

Kawu Illela: Duk wagga wahala mi ya kawo ta, mu da mu ke da itatuwa. Ba a yi wani magani nan Najeriya ba da kayan gargajiya?

Ɗalibin Likita: An yi Kawu, Niprisan, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ce ta haɗa shi, a ciki akwai masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce. Ƙaramin gwajin da aka yi ya nuna yana rage tashin ciwo, amma ragewa ne ba warkarwa ba. Kuma don Allah kar wani ya ji haka ya je kasuwa ya haɗa da kansa ya ɗura wa yaro, masu sikila ƙodarsu da hantarsu dama a wahale suke. Ko na Turawan ma ba duka ke tsira ba, Oxbryta an yi ta murna da shi a 2019, a Satumba 2024 kamfanin Pfizer da kansa ya janye shi daga duniya baki ɗaya don alƙaluma sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace. Adakveo ma Turai ta soke izininsa a 2023 da babban gwaji ya nuna bai fi rashinsa ba.

Baban Yusra: To ai maganata ce ta fito. Na mai tsada ba mu iyawa, na tsakiya an janye. A bar zancen magani a koma gwaji kafin aure, Kano sun mai da shi doka a 2024. Amma ko gwajin ma, ni na yi shi kafin in auri 'yar baffana, wani ɗakin gwaji ya ba ni takarda an rubuta AA, da hatimi da komai, sai da aka haifi Yusra ta fara ciwo aka sake aunawa aka ce AS nake. Wa zan kama?

Mai Gwajin Jini: Alhaji wannan abin kunya ne a sana'armu kuma yana faruwa. Wani injinsa ya tsufa, wani ruwan gwajin ya lalace da zafi, wani kuma roƙonsa ake yi ya rubuta abin da ake so don kar aure ya fasu. Shawarata a yi sau biyu a wurare biyu daban, ɗaya ya zama babban asibiti, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya jira don jinin wani zai ruɗa sakamakon. Wani kuskuren da nake ji kullum, wai AS da AS ɗa na huɗu ne kawai zai zo da sikila don haka a haifi uku a tsaya. Ba haka ba ne, kowane ciki kashi ɗaya cikin huɗu ne sabo fil, na ga gidan da uku a jere duk SS.

Mai Gwajin Jini: Amma ban yarda cewa ba abin da ya rage mana ba. Gwajin aure na waɗanda ba a haifa ba ne, su Khalifa da Yusra suna nan a gabanmu. Kuma abin da ya sa na yi dogon bayanin jinin jarirai ke nan. Akwai tsohon magani haidroksiyuriya, kafso ne ana sha sau ɗaya a rana, Amurka ta amince da shi don sikila tun 1998, yana cikin kemis-kemis na garin nan, kuma babban aikinsa shi ne ya ɗaga wannan jinin jarirai ɗin. Ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa da na biliyan 3, shi wancan ɓalle ta yake yi gaba ɗaya, wannan kuma buɗe ta yake kaɗan muddin ana sha. An daɗe ana tsoron ba yaran Afirka shi saboda maleriya da rashin abinci, sai aka gwada a yara wajen 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, aka ga ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har maleriyar ma ta ragu da kusan rabi.

Ɗalibin Likita: Kuma namu ma sun yi nasu. A Kano da Kaduna, asibitin Malam Aminu Kano na ciki, an yi bincike da yara sama da 200 da hoton jijiyoyin kai ya nuna suna dab da shanyewar ɓarin jiki, aka ba su haidroksiyuriya, aka ga ko ɗan ƙaramin awo yana kare su. A ƙasashen masu kuɗi ƙarin jini ake musu duk wata don hana wannan, mu ina za mu samu jinin. In ba a yi komai ba kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS na samun shanyewar kafin shekara 20. Dashen ɓargo ma an fara a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin, in akwai ɗan uwa shaƙiƙi da jininsu ya dace. Game da tsada kuma Baba, abin da ake bi yanzu shi ne a kai almakashin cikin jiki ta allura ba sai an ciro ɓargo an yi kimo ba, gidauniyar Gates da hukumar binciken lafiya ta Amurka sun ware dala miliyan 200 a 2019 don irin wannan da nufin ya iso Afirka. A 2025 an yi wa wani jariri a Filadelfiya gyaran ƙwayar gado kai tsaye cikin hantarsa ta jijiya, wata cuta ce daban kuma hanta ta fi ɓargo sauƙin kaiwa, amma an ga hanyar tana yiwuwa.

Baban Yusra: Allah ya sa mu gani. Ni dai an taɓa rubuta wa Yusra wannan kafson, da na karanta takardar ciki na ga an ce maganin kansa ne sai na ajiye shi ban ba ta ba. Shekara biyu ke nan.

Anti Nas: Alhaji don Allah ka koma da ita. Eh asalinsa na kansa ne amma awon da ake ba masu sikila daban ne, da nauyin yaro ake lissafawa, ana duba jini lokaci-lokaci don kar fararen ƙwayoyi su sauka da yawa, shi ya sa ba a saye a sha kai tsaye sai likita ya rubuta. Ba ya nuna aiki a sati ɗaya, sai an yi wata uku zuwa shida, nan ne mutane ke gajiya su bari. Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita tukuna. Kuma ba ya maye gurbin folik asid da maganin rigakafin maleriya da gidan sauro da ruwa, ruwa, ruwa.

Baban Yusra: Na ji Anti. Zan yi magana da uwarta yau in sha Allah.

Maman Khalifa: Mu folik asid da Paludrine kaɗai mu ke sha tun da can. Talata mu ke da ganin likita, mi da mi zan ce mai? Ku rubuta min gajere yadda ba ni mancewa don in na shiga gabansu kaina ɗaurewa yake

Anti Nas: Ki faɗa masa sau nawa ciwon ya tashi bana da sau nawa aka kwantar da shi, ki ce ko Khalifa ya dace da haidroksiyuriya, sannan ki tambaya ina za a yi masa hoton jijiyoyin kai na masu sikila, shekarunsa ne daidai. Ki tafi da duk tsofaffin takardun gwajin jininsa. Kafin nan in ya yi zazzaɓi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko kika ga baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki, kar ki jira Talata ko da tsakar dare ne.

'Yar Runjin Sambo: Mama ki sa masa safa biyu da dare kuma kar a yi masa wanka da sassafe, sai rana ta ɗaga. Ni shi ke taimakona cikin hunturu. Ki gaishe min da shi.

Maman Khalifa: Zai ji ɗiyata, na kwahe duka na aje. Ga shi nan ma ya tashi yana kiran kunu, bari in tai in dama mai